Cin Rana a Kasuwar Kifi: Abubuwan Mamaki Daga Tokiyo Zuwa Dakar

A kasuwar kifi agogo a juye yake tafiya. Sa'ad da baƙo ya iso yana hamma yana neman abin karya kumallo, ɗan kasuwa ya riga ya gama aikin yini, abincin rana yake nema. A Toyosu, babbar kasuwar kifi ta Tokiyo, ana kaɗa ƙararrawar gwanjon kifin tuna kafin ƙarfe shida na safe, kafin hantsi ya dubi ludayi kuwa an wanke daɓe an naɗe tiyo. Shagunan abincin da ke ciki tun da asuba suke buɗewa, da yawansu ko la'asar ba sa kaiwa. Wanda ya jira rana ta take tsaka kafin ya fito, dogon layi zai tarar, ko ya tarar an kife tukunya.

Mutanen Hamburg a Jamus sun fi haka sammako. Kasuwarsu ta kifi ranar Lahadi kaɗai take ci, tun 1703, daga ƙarfe biyar na asuba a lokacin zafi, ta watse da tara da rabi. Malaman coci ba su yarda ciniki ya hana jama'a ibada ba, masunta kuma kifinsu ba zai kai Litinin ba, sai aka raba musu safiyar. Da yawa daga masu gatsar burodi da kifi a wurin yau ba tashi suka yi da wuri ba. Kwanciyar ce ba su yi ba tukuna, daga gidajen rawa suke.

Sidni ta Ostireliya sau ɗaya a shekara take hana idonta barci. Daga ƙarfe biyar na asubar 23 ga Disamba zuwa biyar na yammacin 24, awa 36 cur, kasuwar kifin birnin ba ta rufe ƙofa. Kirsimeti a can tsakiyar zafi yake faɗowa, ba mai marmarin tsayuwa gaban murhu, sai kowa ya koma kan kawa da jatan lande mai sanyi.

To su masu kifin me suke ci? Nama. Yoshinoya, kamfanin da ke da rassa sama da dubu a Japan yana sayar da shinkafa da yankakken naman sa a kwano, a kasuwar kifi ta Nihonbashi aka kafa shi a 1899, don ciyar da 'yan dako da masu yankan kifi da ba su da lokacin zama. Girgizar ƙasar 1923 ta rusa kasuwar, aka mayar da ita Tsukiji, mai naman ya tattara ya bi abokan cinikinsa. Wanda ya wuni hannunsa cikin ƙarni, ba kifi ransa ke so ba.

Kafin kifi ya hau faranti sai an yi cinikinsa, kowace kasuwa kuma da nata salon. A Tokiyo ana jera tuna a ƙasa, kowanne an datse masa wutsiya. Dillalai na bi da tocila da ƙugiya, su haska wurin da aka datse, su ƙwaƙulo ɗan nama su murza tsakanin yatsu. Kitse suke dubawa, da launi. A kan wannan 'yar murzawa mutum zai zuba miliyoyi. Da an kaɗa ƙararrawa mai gwanjo zai shiga rera kira, masu saye kuwa ba sa buɗe baki, da yatsu suke tayi, ƙaton kifi ya tafi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

A Sidni gwanjon baibai ake yi. Tun 1989 suke bin tsarin da suka aro daga masu sayar da furanni na Holan: farashi daga sama yake farawa, agogo a kan allo yana sauko da shi, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Ka yi gaggawa ka biya da tsada, ka yi nawa wani ya ɗauke. Babu "albarka", babu "ƙara dai", babu gyara.

Na Shimonoseki ta Japan ya fi duka ban sha'awa. A kasuwar Haedomari mai gwanjo yana zura hannunsa cikin wata doguwar jaka ta baƙin ƙyalle, kowane mai saye ya zo ya cusa nasa hannun, ya kama yatsun mai gwanjo gwargwadon tayinsa. Ba wanda ya san abin da na kusa da shi ya taya. Wanda ya taɓa ganin cinikin raƙuma a Hargeisa, inda ake lulluɓe hannuwa da mayafi ana lissafi da yatsu, ba zai ga baƙon abu ba. Kifin da ake wa wannan ɓoyon shi ne fugu, ɗan'uwan talibambam ɗin kogunanmu mai kumbura ciki in ya tsorata. Akwai dafi a hantarsa da ƙwansa wanda wuta ba ta kashewa, ba shi kuma da makari. Yana shanye jiki ne mutum na ji na gani har numfashi ya gagara, iyakar abin da likita zai yi shi ne ya sa na'ura ta yi wa majinyaci numfashi har dafin ya fita. Ba a fiɗar fugu don sayarwa sai da lasisi. A 1975 Bando Mitsugoro na takwas, fitaccen ɗan wasan gargajiya na kabuki, ya ci hantar fugu har huɗu a Kyoto, bai kwana da rai ba. A 1984 gwamnati ta hana sayar da hantar ɗungurungum. Naman kuwa ana yanka shi siriri har kana hango zanen farantin ta cikinsa, ɗanɗanonsa kuma ba wani mai ƙarfi ba ne. A ganina kuɗin faɗuwar gaba ake biya.

Ranar 5 ga Janairun 2019, a gwanjon farko na sabuwar shekara a Toyosu, Kiyoshi Kimura mai gidajen abinci na Sushizanmai ya sayi tuna guda mai kilo 278, wanda aka kama a gaɓar Oma, a kan yen miliyan 333.6, wajen dala miliyan 3.1 ke nan. Kilo ɗaya ya tashi a yen miliyan 1.2. Ya yanka ya sayar wa jama'a a farashin yau da kullum. Masu lissafi suka ce asara, amma washegari jaridun duniya duk sun buga hotonsa yana murmushi riƙe da wuƙa mai tsawon takobi. Da kuɗin tallar zai biya, ban ce zai samu da araha haka ba.

Abin dariyar shi ne, tsokar cikin tuna mai kitse, wadda ta fi komai tsada yau, a zamanin da babu firji Japanawa ƙyamarta suke yi saboda saurin lalacewa. Jan naman ake jiƙawa a ruwan waken soya a ci, mai kitsen a yar. A Amurka da Kanada ma har cikin shekarun 1960, masu kamun kifi don nishaɗi kan kamo ƙaton tuna, su ɗauki hoto, sannan a sayar wa masu haɗa abincin kyanwa a kan 'yan kwabbai, ko a haƙa rami a binne. Abin da ya canza lamarin jirgin sama ne. Jiragen Japan Airlines suna kai kayan lantarki ƙasashen Yamma suna komawa gida ciki wayam, kamfanin ya shiga neman abin da zai cika su da shi. A watan Agustan 1972 tuna na farko daga gabashin Kanada ya sauka a kasuwar Tsukiji ta jirgin sama. Daga nan abincin kyanwa ya zama na masu hannu da shuni.

Tuna ba ya tsayawa. Sai yana gudu baki buɗe ruwa ke ratsa shi ya samu iska, in ya tsaya ya shaƙe. Jikinsa kuma ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, saɓanin galibin kifaye. Wanda aka kama da fatsa a Nova Scotia a 1979 kilo 679 ya yi.

Tsukiji kanta shekara 83 ta yi tana ci, daga 1935 zuwa Oktoban 2018. Filin da aka gina magajiyarta Toyosu a kai tsohuwar masana'antar iskar gas ce, aka tarar ƙasar wurin gurɓace da sinadarai, Gwamna Yuriko Koike ta ɗage ƙaura a 2016, aka yi shekara biyu ana gyara. Da za a tashi kuma sai wata damuwa ta taso: ina ɓerayen tsohuwar kasuwa za su nufa, ga unguwar Ginza ta attajirai a maƙwabta? Sai da hukuma ta kewaye wurin da tarkuna da guba.

Yanzu ga maganar "sabon kifi, yau aka kamo shi". Wani tunan da ake ci ɗanye a Tokiyo ya yi watanni a cikin jirgin ruwa, daskare a sanyin digiri 60 ƙasa da sifili, har da zarton inji ake raba shi. A Tarayyar Turai ma doka ce: galibin kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, don a kashe tsutsar da ke shiga hanjin mutum. Ga mai cin ɗanye, ƙanƙara kariya ce.

Ƙarni kuma ba warin kifi ba ne, warin jinkiri ne. Kifin teku yana ɗauke da wani sinadari da ke taimaka masa jure gishiri, ba ya wari sai bayan ya mutu ƙwayoyin cuta sun fara narka shi. Tsamin lemo yana ɗaure wannan warin, shi ya sa daga Maroko har Sidni ba a kawo maka gasasshen kifi ba tare da yankin lemon tsami a gefe ba. Kasuwar da ta amsa sunanta, ƙanshin ruwan teku za ka ji, ba ɗoyi ba.

Kowa ya san a dubi idon kifi: in garau yake sabo ne, in ya yi hazo ya kwana. A 2018 hukumomin Kuwaiti suka rufe wani shago saboda masu shi suna manna wa tsohon kifi idanun roba irin na 'yar tsana. Ɗaya idon ne ya zame, na ainihi ya leƙo rawaya, wayar hannu ta ɗauka.

Ba su kaɗai ba ne, nasu ne dai ya fi ba da dariya. Ƙungiyar Oceana ta gwada ƙwayar halittar samfurin kifi 1,215 da aka saya a sassan Amurka, ta fitar da sakamako a 2013: kashi 33 cikin ɗari ba sunansu na gaskiya aka rubuta ba. Wani da ake sayarwa da sunan farin tuna, eskola ne, kifi mai wani irin mai da ciki ba ya narkarwa, wanda ya ci da yawa zai yi zarya bayan gida. Koren yajin nan na wasabi da ake ɗora wa sushi, lomar shinkafa da ɗanyen kifi ta Japanawa, galibinsa wata saiwa ce daban aka rina, na gaskiyar yana da wuyar nomawa da tsada. Sandunan "naman ƙaguwa" ja da fari kuwa, niƙaƙƙen farin kifi ne da sitaci da kala. Kifin salmon na kiwo, da ba don abin da ake zuba masa a abinci ba, da namansa toka-toka zai fito. Akwai ma katin launuka da masu kiwo ke dubawa su zaɓi irin jan da kasuwa ke so.

Salmon ɗin nan da ake ɗauka tsohon abincin Japanawa ne a sushi, kakanninsu ba su ci shi ɗanye ba, don na tekunsu yana da tsutsa. Mutanen Norwe ne, da kifin kiwo ya yi musu yawa a shekarun 1980, suka kafa shiri na musamman suka yi shekaru suna lallashi har Japan ta karɓa.

A Santambul, gefen gadar Galata, an daɗe ana gasa kifi a cikin kwalekwale masu ado ana miƙo wa jama'a cikin burodi da albasa, a kora da ruwan tsamin kayan lambu. A saman gadar masu fatsa ne jere, baƙo zai rantse abin da suke kamawa yake ci. Galibin kifin da ke cikin burodin daga Norwe yake zuwa a daskare. Shi ne wanda ake kira Titus a kasuwannin Najeriya, mai zane-zane a baya. Sardin ɗin gwangwani mai suna Titus kuma a Maroko ake yin sa, ƙasar da ta fi kowace fitar da sardin na gwangwani a duniya. Wanda ya zauna a rumfunan gashi na bakin tashar jiragen Essaouira ya nuna sardin da yatsa aka ɗora masa a garwashi, abin da ya saba buɗewa da mabuɗi ne yake ci kafin ya shiga gwangwani.

In ana maganar cin rana a kasuwa, ni dai Noryangjin ta Seoul nake ba wa kambu, saboda tsarinta. Tun 1971 take wurin da take. A ƙasa za ka zaga cikin tankuna, ka nuna kifin da kake so yana iyo, ku daidaita, a cafko shi a yanka a gabanka. Sai a haura da kai bene, inda gidajen abinci ba kifi suke sayarwa ba, wurin zama da wuta da kayan haɗi suke sayarwa. Ka biya kuɗin tebur, a kawo ganye da tafarnuwa da jan yaji, ka naɗe ɗanyen kifi a ganye ka kai baka. Kai da ƙayar da suka rage ba a zubarwa. Su ake dafawa da barkono da kayan lambu a kawo maka a ƙarshe, tukunya na tafasa a gabanka. Ana kiran wannan romo maeuntang, kuma duk da shi ne mafi araha a teburin, shi ya fi cancantar hawa benen.

A nan ne kuma ake cin oktofus, dabbar teku mai hannuwa takwas, yana motsi. Ana daddatsa hannuwan, a yayyafa man riɗi, a kawo faranti suna ta murɗawa. Dabbar ta mutu, amma kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin jijiyarta a hannuwa suke, don haka ba sa jiran umarni daga kai. Suna manne wa harshe, suna iya manne wa maƙogwaro, an sha samun waɗanda suka shaƙe suka mutu. Shawarar 'yan gari guda ce: tauna sosai. Shi oktofus zuciya uku gare shi, jininsa kuma shuɗi ne, don jan ƙarfe ke ɗaukar masa iska a maimakon baƙin ƙarfen da ke cikin namu.

Koriyawan kudu maso yamma suna da hongeo, wani faffaɗan kifi da ake ajiyewa makonni har ya riƙa. Yana fitar da fitsarinsa ne ta fata, in ya kwana biyu sai naman ya ɗauki warin amoniya mai sa hawaye. A yankin Jeolla biki bai cika ba in babu shi.

Zuciyar jatan lande a kansa take. Baƙin zaren da ke bayansa kuma hanjinsa ne, da abin da ke ciki.

Kawa da rai ake haɗiye ta. Babba guda tana iya tace ruwa har wajen lita 190 a rana, tana kuma iya fara rayuwa namiji ta koma mace. A ƙarni na 19 abincin talaka ce a Landan da New York, a bakin titi ake sayar da ita. Lobsta, babban yayan jatan lande mai almakashi, ya taɓa yin yawa a gaɓar arewa maso gabashin Amurka har ana zuba shi a gona a matsayin taki. Ba ja ba ne a cikin ruwa, zafin tukunya ne ke sakin jan launin da ke ɗaure a ɓawonsa. Tun 2018 dokar Siwizalan ta hana jefa shi a tafasasshen ruwa da ransa sai an sumar da shi.

Ga matafiyi Bahaushe, Malikiyya ta sauƙaƙa: duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ƙaguwa ce ko kawa ko oktofus. Hanafawa kifi kaɗai suka yarda da shi, har malamansu sun yi saɓani a kan jatan lande. Tarkon a tukunya yake. Faransawa da 'yan Beljiyam da farar giya suke dafa kawa, wasu masu suyar kifi a Ingila da giya suke dama ƙullun, Japanawa suna zuba giyar shinkafa mai zaƙi a miya, romon kawa na Boston kuma galibi da naman alade ake fara shi. Tambaya kafin loma ba ƙauyanci ba ne.

A kasuwar Pike Place ta Seattle, wadda aka buɗe a 1907, in ka sayi kifi ba miƙa shi ake yi ba. Wani zai kira sunan kifin da ƙarfi, sauran su amsa, a wurga shi sama ya ƙetare kanta, na ciki ya cafe da takarda. Shagon da ke wannan wasa ya kusa durƙushewa a 1986 a hannun mai shi John Yokoyama, wasan jifan na cikin abin da ya tashe shi. Suna kuma ajiye wani mummunan kifi mai wangamemen baki a kan ƙanƙara, an ɗaura masa igiya a ɓoye. Yaro na matsowa, sai a ja.

In ka fito waje da farantinka, ka san da masu jira. Tsuntsayen teku a Sidni da Essaouira fyauce suke yi irin na shirwa a bakin mahauta, ta bayan kafaɗa suke zuwa. Masu bincike na Jami'ar Exeter sun gwada irinsu a Cornwall ta Ingila a 2019 da ledar soyayyen dankali: in mutum ya kafa wa tsuntsun ido, yakan ƙara kimanin daƙiƙa 21 kafin ya taɓa abincin, wasu ma su fasa. Harara ce maganinsu.

A Dakar kasuwar Soumbédioune da yamma take cika, lokacin da kwalekwale masu fenti ke dawowa, mata na gasa kifi a bakin ruwa. Cebu jen, shinkafa da kifi ta Sanagal, ta shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2021. A shekarar ne kuma rahoton Greenpeace da wata ƙungiya ya nuna cewa sama da tan dubu 500 na ƙananan kifaye ake kwashewa daga tekun Afirka ta Yamma kowace shekara, a niƙa su zama gari da mai, a ciyar da kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya. Yaboy, kifin talakan Sanagal, shi ke tafiya cikin buhu. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Maƙwabciyarsu Muritaniya kuma tana cikin manyan masu sayar wa Japan oktofus, dabbar da 'yan ƙasar ba su saba ci ba. Da tulu ake kama shi: a jera a ƙasan teku, ya ga ɗaki ya shiga, a jawo igiya.

Billingsgate, babbar kasuwar kifi ta Landan, ta bar tsohon wurinta na bakin kogin Thames a 1982. Hukumar tsohon birnin Landan ce ke gudanar da ita, amma filin da ta koma na ƙaramar hukumar Tower Hamlets ne, don haka akwai haya. Abin da yarjejeniya ta ce a biya kowace shekara: kifi ɗaya.